Top silindar da aka buɗe sau biyu: nazarin gyaran wata Corolla a Kano

Asalin motar

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, mai injin 1ZZ-FE: silinda huɗu, lita 1.8, bawul 16, da kamshaf biyu, sandunan da ke buɗe bawul, waɗanda sarƙa take juyawa. Mai ita ɗan kasuwa ne a Kano, kuma duk Alhamis yana cin kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Jigawa da Nijar. Hanyarsa ɗaya ce: Gezawa, Gujungu, Gumel, sannan Maigatari. A fita da asuba, a kamo hanyar gida bayan azahar. Ɗan ƙanwarsa ne yake jan motar.

Top silinda (kan injin, inda bawul suke) da bulok (gangar jikin injin, inda fistin suke) na wannan inji duk alminiyam ne. A tsakaninsu akwai gasket na siraran farantan ƙarfe, notuna goma suna danne shi. Aikinsa shi ne ya raba abubuwa uku da suke wucewa dab da juna: iskar da ke ƙonewa a cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Ba zai iya ba sai fuskokin biyu da ke matse shi sun kwanta sumul. Littafin gyara na Toyota bai yarda fuskar top ta lanƙwashe fiye da milimita 0.05 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu.

Tun shigowar motar aka cire mata tamostat, na'urar da ke tare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, aka haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan da hujjar ƙasarmu da zafi. Ruwan lagireto kuwa duk wanda ya samu ake zubawa, na rijiya, na burtsatse, na leda. Shekara huɗu ana haka, motar ba ta taɓa tsayar da su a hanya ba.

Ƙarshen Maris: ranar da ta ɗau zafi

Alhamis ɗin ƙarshe ta watan, rana ta take, esi a kunne, but cike da kaya. Sun baro Gujungu kaɗan allurar zafi ta haura rabi. Direba ya ce, "Kawu, allura fa ta tashi." Mai motar ya ce a lallaɓa a kai gari na gaba, tunda babu inuwa babu ruwa a inda suke. Sun yi kusan kilomita goma allura tana kan ja. Da suka tsaya, tururi yana fita ta gefen bonet. Ba su jima ba suka buɗe murfin lagireto da tsumma, suka juye ruwan leda mai sanyi har ya cika, suka ci gaba.

Idan alminiyam ya yi zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake yi. Tsakiyar top, wajen silinda ta biyu da ta uku, ita ta fi ɗaukar zafi, ga notuna sun riƙe ta babu inda za ta miƙe. Sai ta ɗan yi doro. Ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya gasu yana sa wani ɓangare ya tsuke kafin wani, kuma daga nan tsagewa take farawa.

Cikin mako guda alamu suka jeru. Ruwa yana raguwa kusan lita ɗaya duk kwana biyu, amma ƙasan motar a bushe. Da safe inji yana kakkarwa na minti ɗaya kafin ya daidaita. Salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri. In an buɗe murfin lagireto inji yana aiki, sai a ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Farkon Afrilu: gyaran bakin titi

An fara da abin da ya fi sauƙi. Aka sauya murfin lagireto da tiyon sama, aka zuba garin toshe yoyo da ake sayarwa a shagunan mai. Ruwa ya ɗan tsaya kwana uku. Daga nan ya koma raguwa, kuma aka sami sabon abu: ko a cunkoson cikin gari allura tana hawa, alhali fanka ba ta daina juyawa ba.

Tsakiyar Afrilu: buɗewa ta farko

Aka kai ta wani gareji a unguwarsu ranar Talata, da sharaɗin a gama kafin Alhamis. Makaniken ya ce gasket ne ya ƙone, kuma ya yi daidai. Direba yana wurin daga farko har ƙarshe, daga bakinsa aka sami yadda aikin ya gudana.

An kwance top inji bai gama hucewa ba, noti bayan noti, daga gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen. Aka kifa shi a kan wata tsohuwar taya. Wani yaro ya kankare ragowar datti da guntun zarto, ya bi da samfefa a tafin hannu, sannan buroshin waya a bakin injin huda. Haka aka yi wa fuskar bulok, ramukan mai da na ruwa a buɗe. Aka ɗauraye da fetur. Oga ya duba da ido, ya shafa da yatsa, ya ce lafiya lau. Ba a cire bawul ko ɗaya ba, ba a ɗora ƙarfen awon lanƙwasa ba.

Gasket ɗin da aka sa ba na ƙarfe ba ne, mai taushi ne mai araha, aka shafe shi da gam ciki da waje. Aka mayar da tsofaffin notuna, aka ɗaure da sifana da aka ƙara wa bututu, har sai da hannun Oga ya ce ya isa. Baƙin man da ke ciki ba a sauya shi ba. Laraba da yamma mota ta tashi, hayaƙi ya ɗauke.

Ta je Maigatari sau uku. A dawowa ta uku, farkon Mayu, allura ta sake tashi. Wannan karon da aka zaro sandar awon mai, man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga cikinsa. Makaniken ya ce top ɗin ya mutu, a nemo rabin inji ɗan Beljiyam.

Mako na biyu na Mayu: awo kafin kwancewa

Mai motar bai yarda nan take ba. Ya sa aka jawo ta da igiya zuwa wani gareji na wani dattijo da ya daɗe a kan injinan Toyota. Dattijon ya ce, "Alhaji, ka ba ni mako guda. In Alhamis ɗin nan kake so, gara ka kai ta wani wuri."

Bai taɓa noti ba sai da ya yi awo uku. Ya cire fulogai: na silinda ta ɗaya da ta huɗu da baƙin toka, na biyu da na uku fes kamar sababbi, alamar tururin ruwa yana wanke su. Ya auna matsin kowace silinda: ta ɗaya 180, ta biyu 125, ta uku 120, ta huɗu 178, a ma'aunin psi. Mafi ƙanƙantar abin da littafin ya yarda da shi 145 ne, kuma bambancin wata da wata kada ya wuce 15. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna iska tana ratsawa a tsakaninsu. Na uku, ya hura iska a lagireto da famfon gwaji ya bar shi. Allurar famfon ta sauka a hankali, kuma da ya haska ta ramin fulogi na uku ya ga ɗigon ruwa a kan fistin.

Ya kuma ga busasshen sawun ruwa a ƙarƙashin famfon ruwa na injin, inda yake tsiyaya kaɗan-kaɗan zafi yana busar da shi kafin ya kai ƙasa. Ya rubuta wannan ya ajiye.

Kwancewa

Washegari da safe, inji a sanyaye. Notunan top ana sassauta su daga gefuna zuwa tsakiya, a zagaye biyu ko uku, domin kada ƙarfen ya saki a wuri ɗaya alhali yana matse a wani. Biyu daga cikinsu sun zo da sauƙi fiye da sauran, kuma dukansu na tsakiya ne.

Kofunan da ke kan bawul aka jera su a kwali mai rami 16, kowane da lambarsa. A wannan inji kaurin kofin shi yake daidaita ratar bawul, kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya cakuɗa su ya ƙara wa kansa aikin yini guda.

Tsohon gasket bai tafi bola ba sai da aka karance shi. Siririn gadan da ke tsakanin silinda ta biyu da ta uku ya yi baƙi ya cinye. Gam ya matso ya toshe rabin wasu ƙananan ramukan ruwa, wani kuma ya tsinke ya bi ruwa ya tafi.

Wanki: yini ɗaya da rabi

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne yaran garejin suka fi ƙosawa.

An fara da ɗakunan ƙonewa tun bawul suna ciki, saboda su kare mazauninsu daga karcewa. Baƙin da ya daskare a ciki yana da kauri sosai. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar kuma tana ƙara masa fetur duk lokacin da ta ga yana sanyi, ragowar ita take zama wannan baƙi. Aka jiƙa shi da kananzir, aka bi da buroshin tagulla mai laushi. Daga nan aka cire bawul ɗin, kowane aka soke shi a kwali a jere yadda ya fito.

Fuskar gasket kuwa dattijon bai bar kowa ya taɓa ta ba. Da makankarin roba ya bi ta, a kwance, yana jiƙa gam ɗin har ya saki da kansa. Babu samfefa, babu buroshin waya. Dalili biyu ne. Alminiyam yana da laushi, hannu kuma ba ya danna ko'ina daidai, don haka samfefa tana cin bakin ramuka da siraran wurare fiye da faffaɗan wuri, ta bar kwari inda aka fi buƙatar tudu. Na biyu, yashin samfefa ya fi ƙarfen inji tauri. In ya faɗa ramin mai zai bi mai har cikin metal, wato shimfiɗar da karanshaf yake juyawa a kai, ya riƙa ci a hankali.

Wani yaro ya kawo shawarar a jiƙa top ɗin a ruwan soda kamar yadda ake yi wa na baƙin ƙarfe. Aka hana, domin soda tana cin alminiyam. Ruwan zafi da sabulun gari aka yi amfani da su, sau biyu, da ƙananan buroshi masu dogon hannu ana zura su a hanyoyin mai. Akwai wata 'yar matata a jikin top ɗin mai tace man da ke zuwa na'urar VVT-i mai daidaita lokacin buɗe bawul. Ita ma an ciro ta, an same ta rabi a toshe. Daga hanyoyin ruwa kuwa farin dutse da jan tsatsa da garin toshe yoyo suka riƙa fita gutsure-gutsure. Aka ɗauraye, aka busar da iskar kwamfuresa rami bayan rami, aka shafa ɗan mai a mazaunin bawul don kada su yi tsatsa kafin safiya.

Bulok ma an wanke fuskarsa, amma bayan an cusa tsumma mai tsabta a kowane rami. Ramukan notuna goma an zuƙe su an busar. Uku daga ciki akwai mai da ruwa kwance a gindinsu. Noti in ya sauka a kan ruwa yakan yi tauri tun bai danne top ba, mai ɗauri ya zaci ya gama.

Dubawa

Da ƙarfen ya fito tas, abubuwan da datti ya rufe suka bayyana: sawun buroshin waya mai zagaye-zagaye, da 'yan ramukan da ruwa ya ci a bakin hanyoyin ruwa biyu.

Aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar ta hanya shida, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ana zura fila geji, siraran ƙarafan auna rata, a ƙarƙashi. A gefuna ko na milimita 0.05 bai shiga ba. A tsakiya, tsakanin silinda ta biyu da ta uku, 0.12 ya wuce. Fuskar bulok ba ta kai 0.05 ba ko'ina, duk da karcen da ta sha.

Sai aka juya top ɗin aka duba samansa. Wannan matakin ana yawan tsallake shi. In ƙarfen ya lanƙwashe gaba ɗaya, mazaunin kamshaf ma ya karkace, kuma aske ƙasa kaɗai ba zai miƙar da sama ba. Aka kwantar da kamshaf biyun a mazauninsu ba tare da bawul ba, aka ɗaure murafansu, aka juya da yatsu. Duka sun juya ba cijewa.

Neman tsagewa da kananzir da alli aka fara, tsohuwar dabara ta masu gyaran jirgin ƙasa. A jiƙa wurin da kananzir, a goge ya bushe, a shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi a kan farin. An fi mai da hankali tsakanin mazaunin bawul biyu, da tsakanin mazauni da ramin fulogi. Ba a ga komai ba. Gwajin neman tsaga da maganaɗisu ba ya aiki a kan alminiyam, don haka aka kai shi shagon masu injin aske ƙarfe, suka toshe hanyoyin ruwa, suka hura iska, suka nutsa shi a ruwan zafi. Kumfa ba ta fito ba.

Bawul kuma aka mayar da su mazauninsu, aka zuba kananzir a hanyoyinsu. Na shigar iska duk sun riƙe. Biyu na fitar hayaƙi, a silinda ta uku, sun tsiyaya.

Shawarar da aka yanke

Littafin Toyota cewa ya yi in lanƙwasa ta wuce iyaka a sauya top ɗin. Dattijon ya faɗa wa mai motar haka ba ɓoye-ɓoye. Aka karɓo wani ɗan Beljiyam daga hannun wani dila da sharaɗin a gwada. Aka wanke fuskarsa aka auna, 0.08. Aka mayar masa, ya karɓa.

Sai aka dawo kan nasu, wanda an riga an san ba shi da tsaga kuma samansa a miƙe yake. Aka aske milimita 0.15, iyakar abin da ya share kwarin da ramukan ruwa, aka roƙi mai injin ya bi a hankali don fuskar ta fito da santsi, saboda gasket na ƙarfe ba ya jure kaushi. Askin yana da farashinsa: ɗakin ƙonewa yana ɗan tsukewa, matsi ya ƙaru, sarƙar taimin kuma ta ɗan sami sako-sako. A wannan ɗan adadin ba a jin bambancin, amma kowane aski na gaba ƙari ne a kan wannan.

Da top ɗin ya dawo an sake wanke shi daga farko, domin ɓarɓashin aski yana maƙalewa a hanyoyin mai.

Mako na uku na Mayu: ɗaurawa

An yi wa bawul 16 girandin, wato murza su a mazauninsu da man niƙa mai laushi, har kowane ya zana zobe mai faɗin milimita 1.0 zuwa 1.4 a mazauninsa, aka wanke man niƙan tsaf, aka sa sababbin robobin mai a wuyansu. Gwajin kananzir na biyu babu tsiyaya. Ratar bawul a sanyi ita ce 0.15 zuwa 0.25 a na shigar iska, 0.25 zuwa 0.35 a na hayaƙi. Biyun da suka fi shan girandin ratarsu ta ragu, aka sauya musu kofuna marasa kauri.

Daga Kasuwar Ƙofar Ruwa aka sayo gasket na ƙarfe da sababbin notuna, tunda ba wanda ya san iya miƙewar da tsofaffin suka yi a ƙarƙashin bututu. Gasket a bushe aka ɗora shi, gam sai a mahaɗar murfin sarƙa. Aka shafa ɗan mai a zaren notuna, aka ɗaure daga tsakiya zuwa gefuna da sifana mai awo har 49 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, aka ɗiga fenti a kan kowane noti, aka ƙara juya shi digiri 90.

Sannan aka koma kan abin da aka rubuta aka ajiye. Aka sauya famfon ruwa. Da aka buɗe tsohon lagireto, wajen kashi ɗaya cikin uku na bututunsa a toshe suke, aka sa sabo. Aka mayar da tamostat mai buɗewa tsakanin digiri 80 da 84 na zafi, aka mayar da fanka kan wayarta ta asali, aka cika da ruwan kulan, wanda ake haɗawa musamman don sanyaya inji. Mai motar ya yi gardama a kan tamostat, dattijon ya ce, "Alhaji, in ta yi zafi saboda shi, ka dawo na cire kyauta." Baƙin mai da filta an sauya su kafin tayarwa, aka sake sauyawa bayan mako guda don a kwashe ragowar ruwa da yashi.

Sakamako, Yuni zuwa Oktoba

Matsin silinda bayan gyara: 182, 180, 179, 183. Kumfa ta ɗauke, kakkarwar safe ta tafi. Direba ya yi alama a jikin robar ruwa, yana dubawa duk Laraba da dare. Har zafin Oktoba ya zo ya wuce ruwan bai sauka daga alamar ba, allura kuma tana tsayawa ƙasa da rabi ko da esi a kunne. Ya ce fetur ɗin zuwa da dawowa ya ɗan ragu, amma ba a auna wannan ba.

Hukunci

Makaniken farko bai yi kuskuren gano cuta ba, gasket ya ƙone. Abin da bai tambaya ba shi ne me ya ƙona shi, kuma a kan me zai ɗora sabon. Lanƙwasar 0.12 ba a ganinta da ido, ba a jinta da yatsa. Ko da ya ɗora ƙarfen awo a kan fuskar da gam da baƙi suke manne, datti zai ɗaga ƙarfen ya ba shi lambar ƙarya. Shi ya sa nake ganin yini ɗaya da rabin da aka ɓata a wanki shi ne ginshiƙin gyara na biyu. Awon lanƙwasa, gwajin alli, gwajin bawul, babu wanda za a amince da shi a kan ƙarfe mai datti. Samfefa da buroshin waya kuwa gyaran gangar auzinawa suka yi, domin wani ɓangare na abin da aka aske a Mayu sawunsu ne, ba na zafin Maris ba.

Ban ɗora laifin a kan makaniken shi kaɗai ba. An ba shi kwana biyu, kuma mai mota da yake lissafin kasuwar Alhamis shi ya zaɓi gasket mai araha. Makanikai da yawa sun iya wannan awo, amma ba a biyansu kuɗin lokacin da yake ci.

Garin toshe yoyo bai iya tare iskar da ke fitowa daga cikin silinda ba, sai ya tafi ya ƙarasa toshe lagireton da dutsen ruwan rijiya ya riga ya tsuke. Rabin inji ɗan Beljiyam da an ɗora shi a kan wannan lagireto da wannan famfo, shi ma zai gasu a hanyar Gumel.

Abu biyu sun rage. Top ɗin ya sha askinsa, in ya sake lanƙwashewa sauyawa ce kawai. Injin kuma yana shan kusan rabin lita na baƙin mai tsakanin sabis da sabis, abin da mai motar ya ce ba ya yi kafin Afrilu. Mako uku ya yi yana aiki da man da yashin samfefa ya shiga, daga baya ruwa ya biyo. Dattijon ya ce a riƙa kawo masa tsohuwar filta duk sabis ya yanka ya duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki. An kawo sau biyu, bai ga komai ba tukuna.